Giyar Gwaggo Guifen Za Ta Kudu

Dongguan, Satumba 1996

Zuwa ga Gwaggo Guifen,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewar gida. Yaya gwiwoyin? Na san sanyi ya fara leƙowa can, kuma na san halinki, sai kin kasa tashi za ki yarda ki shafa maganin da na aiko. Ki gaishe min da maigidanki Baba Fan, ki ce masa in bai daina shan tabar nan a cikin ɗaki ba zan rubuto masa tasa wasiƙar daban. Ni lafiyata ƙalau. Aikin takalma yana nan yadda kika san shi, manne da ɗinki daga safe har yamma, har hancina ya daina jin warin gam.

Gwaggo, an sa rana. Ana saura 'yan kwanaki Sabuwar Shekararmu ta gargajiya, a farkon Fabrairu, za a yi bikina da Dehong, direban motar kamfaninmu da na ba ki labarinsa. Ubansa mutum ne mai sauƙi, in dai ya sami shayinsa da tsuntsunsa na keji ba ruwansa da kowa. Uwar ce dai. Ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, amma ta iya tambayar da za ta hana mutum cin abinci. Ranar da na je gaishe su ta zuba min shayi da hannunta, ta ce, "To, 'yar arewa, mutanenki tebur nawa za mu ware musu?"

Ta san amsar. Ta san babana da mamata sun rasu tun ina ƙarama, ta san ke kika rene ni, ta san tsakaninmu da Shigou tafiyar kwana da kwanaki ce a jirgin ƙasa. Dangin su Dehong kuwa sun cika unguwa guda, in ɗaya ya yi atishawa sai mutum arba'in sun zo dubiya. Na ce mata zan tambaya. Na fito gidan raina a ɓace, ina jin kamar daga sama na faɗo ba ni da kowa.

Na san ba za ki iya zuwa ba da gwiwoyin nan, kuma ba zan roƙe ki ba. Abu ɗaya nake roƙo: giyarki ta inabin dutse. Ina so a ajiye kwalba a kan kowane tebur, in wani ya tambaya daga ina wannan, in ɗaga kai in ce daga gidanmu. Su ga cewa ni ma akwai inda na fito, kuma akwai abin da muka iya wanda ba su iya ba. In zai yi miki wahala ki faɗa, ba zan ji haushi ba.

'Yar ƙaninki,
Chunni

*

Shigou, Nuwamba 1996

Chunni,

Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwoyina suna nan, ba su gudu ba. Maganinki na shafa sau biyu, warinsa ya kori kyanwa daga ɗaki, na ajiye shi. Fan yana gaishe ki, ya ce tabarsa ta girme ki.

Na daɗe ban amsa ba don ba na son in amsa da baki kawai. Wato har akwai matar da za ta zauna a kujerarta ta tambayi 'yar gidanmu na Tong tebur nawa? Da na karanta wurin nan sai da na ajiye takardar na zagaya tsakar gida. Ki gaya mata... a'a, bari, kada ki gaya mata komai. Giyar za ta yi mata bayani.

Washegarin zuwan takardarki na tasa Fan gaba muka nufi dutse. Ni yanzu a gindi nake tsayawa ina nuni da sanda, shi yana hawa yana mita. Inabin bana ƙanana ne, baƙi wuluk, tsaminsu sai ya sa mutum ya rufe ido ɗaya, wato irin wanda nake so. Randa biyu na cika. Na murƙushe da hannuna, na zuba sukari, ta yi ta ƙugi kamar cikin mai yunwa har maƙwabta suna jiyo ƙamshin daga hanya. Na tsame ɓawo da 'ya'ya, na sauke randunan cikin ramin ajiyar kabeji inda nake ajiye su kowace shekara. Yanzu ta yi tsit, ko ƙwayar kumfa babu. Ta nuna.

Ba cika baki ba, shekara talatin ke nan ba a yi wani biki a Shigou ba sai an aiko da kwano ƙofata. Matar sakataren ƙauye ta taɓa leƙen yadda nake yi ta je ta gwada, abin da ta samu ko kabeji ba a jiƙawa da shi. Mutanen kudu da suka saba da ruwan shinkafa mai ɗan ɗumi za su san sun sha wani abu.

Na ɗura kwalba ɗaya ta ɗanɗano, na toshe ta da kyau, na shafe bakin da kakin zuma, na ba 'yar maƙwabtanmu da za ta koma aiki garinku. Ki kai wa surukar taki da hannunki, kuma kada ki sunkuyar da kai lokacin da kike miƙa mata. Sauran za su biyo baya kafin biki. Ki riƙa cin abinci, hoton da kika aiko duk wuya ne.

Gwaggonki,
Guifen

*

Dongguan, ƙarshen Nuwamba 1996

Gwaggo,

Ina fatan kuna lafiya ke da Baba Fan. Ni ma lafiya, sai dai na rubuta takardar nan na yaga har sau biyu kafin wannan.

Kwalbar ta iso. Da na riƙe ta sai da na yi ƙwalla, don jaridar da kika naɗe ta da ita ma warin hayaƙin gidanmu take yi. Na kai wa uwar Dehong yadda kika ce, kaina a sama. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta wajen taga, ta ce, "Haka launinta yake dama, kamar ruwan wankin wake?" Na ce haka muke shanta a wurinmu. Ta sa ta cikin kabad ɗin gilashi na falo, inda take jera kofunan aurenta, ta ce sai an yi baƙi za a buɗe.

Ba a kai ga baƙin ba. Bayan kamar mako guda, da rana tsaka tana gyaran kifi a kicin, ta ji ƙara kamar an harba bindiga. Kwalbar ce ta fashe. Ta fasa gilashin kabad, ta fasa kofuna huɗu, bangon da suka yi wa farin fenti saboda biki kuwa ya koma ja har rufi. Ba wanda ya ji ciwo. Dehong ya yi ta dariya har uwarsa ta jefe shi da takalmi.

Ni ban yi dariya ba. Ni na wanke bangon, ƙannen uwar Dehong mata suna tsaye a kaina suna kallo. Ɗaya ta ce, "Ashe 'yan arewa da bam suke zuwa gaisuwar surukai." Ɗayar ta ce, "Ranar biki sai mu zo da hular kwano." Ita uwar kuwa tana ta tsince fasassun kofunanta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani dattijo a wurin aikinmu ya ce wai akwai sauran iska a cikinta, ba ta gama ba aka rufe ta. Ni ban sani ba.

Gwaggo, ki bar maganar giyar nan. Za mu sayi ta kanti kamar kowa. Ba na son a sake yin dariya.

'Yar ƙaninki,
Chunni

*

Shigou, Disamba 1996

Chunni,

Muna lafiya. Na karanta.

Shekara talatin kwalbata ba ta taɓa fashewa ba sai da ta shiga gidan masu kabad. Wani tsoho mai manna takalmi ya ce giyata ba ta gama ba, ke kuma kin ɗauko kin rubuto min kamar maganar likita. Ruwan wankin wake. Da ruwan wankin waken nan aka yi bikin ubanki, da shi aka yi zaman makokinsa, ban ji wanda ya mayar ba.

Tunda abin gidanku ya zama abin kunya, ki sayi ta kanti. Ki duba ko ana sayar da dangi a kantin, ki haɗa da su.

Guifen

*

Dongguan, Janairu 1997

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina fatan sanyin bana bai kwantar da ke ba, don shirun nan ya sa na fara tunanin abin da ba shi ke nan ba. Wannan ce takarda ta biyu tun bayan taki, ba amsa. Na buga waya ofishin ƙauye, na tsaya riƙe da ita har aka je aka dawo, aka ce kin ce hannunki da aiki.

Haba Gwaggo. Ni zan ji kunyarki? Da na ce ba na son a sake yin dariya, ke nake nufi. Ina durƙushe ina goge bangon nan, abin da ya fi ci min rai shi ne matan da ko wake ba su iya dafawa ba suna sa sunanki a bakinsu, ke da kika hau dutse da waɗannan gwiwoyin. Shi ya sa na ce a bari. In na faɗa ba daidai ba ki yi haƙuri, kin san ban taɓa iya jera magana ba.

An kawo rigar biki, ja ce, ta yi min yawa a kafaɗa, ba wanda zan tambaya ya rage min sai tela. Uwar Dehong ta ware wa gefena tebur ɗaya, na ce abokan aikina za su zauna. Ba na neman giya yanzu. Layi ɗaya nake nema daga hannunki kafin ranar, ko da zagi ne.

'Yar ƙaninki,
Chunni

*

Shigou, Janairu 1997

Chunni,

Muna lafiya, sai kafaɗata ta dama, kuma za ki ji dalili. Takardunki biyu suna nan ƙarƙashin matashina. Wayar ma na ji. Ban je ba don rabin ƙauye na zaune a ofishin nan sun baza kunne, kuma da gaske hannuna da aiki.

Ranar da na aika miki waccan takardar na sauka ramin kabeji ina huci. Na ce bari in ƙaryata tsohon nan naku mai manna takalmi. Na ɗura rabin kwalba, na toshe da totuwar masara, na ɗora a kan gadonmu na ƙasa da muke hura wa wuta don ɗumi, wajen da wutar ƙarƙashi ta fi ci. Bayan 'yan kwanaki muna cin abincin rana, totuwar ta yi tsalle ta daki Fan a kunne. Ya ce, "Tsohuwa, yanzu kuma ni kike hari?" Ban kula shi ba. Na ajiye kwanona na zauna ina kallon kumfa tana malala a kan tabarma.

Ki ji da kyau, giyata ba ta da laifi. Barci take yi. Sanyin rami ne yake kwantar da ita kowace shekara, mu kuma mu shanye ta kafin bazara ta tashe ta. Ba ta taɓa fita Shigou ba, ina za ta san akwai ƙasar da ake yawo da singileti a watan Nuwamba? Zafinku ne ya tashe ta, ta farka a firgice cikin kabad ɗin wata, ta ga an toshe mata baki. Ko ni ce abin da zan yi ke nan.

To tunda kudu za ta, na ce sai ta koyi kudu tun a nan. Na sa aka hauro da randunan biyu, aka jera su a kan gado wajen ɗumi. Ni da Fan muka koma gefen sanyi, a takure kamar 'yan haya. Ya ce shekara arba'in yana hura wutar gadon nan, yau randa ta kore shi. Suka farka kuwa, suka yi ta ɓulɓula mako da mako. Na bar su suka cinye sauran sukarinsu kaf. Sai da suka yi shiru a cikin zafi, ba a cikin sanyi ba, sannan na yarda da su.

Ko a nan ban saki jiki ba, don iskar tana maƙale a ciki ko da ba ta nuna kanta ba. Na sassaƙa sabuwar muciya, na ƙona ta da tafasasshen ruwa, na shiga juyawa safe da yamma. Da farko kumfa takan taso har ta nemi zubowa, tana huci a fuskata. Kafaɗata ta kumbura. Fan ya karɓe ni rana ɗaya, na ga yana juyawa kamar mai dama abincin aladu, na ƙwace abina. Na yi ta yi har ranar da na juya na kara kunne ban ji komai ba. Na zuba rabin kwalba, na toshe da babban yatsa, na girgiza da ƙarfina, na cire yatsan. Shiru.

Sai maganar wankin wake. Ban yafe mata ba. Amma mu nan a kwanon ƙasa muke sha, wa ya taɓa leƙa cikinta? Su masu kofin gilashi da ido suke fara sha, to bari idon nasu ya ƙoshi. Na fasa ƙwai, na raba farin da gwaiduwa, farin ƙwai ɗaya ga kowace randa. Na kaɗa shi da ɗan giyar har ya yi kumfa, na zuba na gauraya, na sa aka mayar da randunan rami, na hana kowa sauka ko da ɗauko dankali. Farin ƙwan yana sauka a hankali yana jan dattin zuwa ƙasa. Da ya gama na sa tiyo na zuƙe ta sama zuwa randa mai tsabta, na bar lakar a gindi. Chunni, na aro kofin gilashi na cika, na ɗora a kan takardarki, na karanta sunana ta cikin giyar. Na kira Fan, na kira maƙwabta, har matar sakatare na aika aka kira. Ita ma ta leƙa ta gani da idonta.

Da na ɗura na toshe, na ɗauki kwalba ɗaya na kwantar a wurin da ya fi zafi a gado, na lulluɓe ta da bargo mako guda. Ko gezau. Wadda ta jure wannan, zafinku na Guangdong wasa ne a wurinta.

Abu ɗaya za ki kula. Zaƙinta ya tafi, yanzu tana da ƙarfi da ɗan tsami. Kada wani mai wayo ya zuba sukari a kwalba ya mayar da toshi. In za a sha, a juye a buta a narka sukarin nan take.

Kwalba ashirin ne, duk abin da randunan suka ba ni. Fan zai kawo su a kwando biyu da sandar kafaɗa, na shimfiɗa musu ciyawa. Mutumin da bai taɓa wuce birnin Shenyang ba, tun jiya yake goge takalmi. Na ɗinke masa adireshin kamfaninku a cikin riga, takardar nan kuma tana aljihunsa. Zai iso kafin biki. Ban sanar da ke ba don na gaji da yin alkawari a takarda, gara ki gani da idonki.

Maganar sayen dangi kuwa, bakina ne, kin san shi tun kina rarrafe. Rigar ki sa tela ya kama ta ciki, kada ya yanke.

Gwaggonki,
Guifen

*

Dongguan, Fabrairu 1997

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da kafaɗar. Mun sa Baba Fan a jirgi jiya, yana lafiya, sai muryarsa da ta dishe saboda surutu. Na san zai ba ki labari, amma na san zai ƙara gishiri, don haka ga nawa.

Bai iso kafin biki ba. Dusar ƙanƙara ta tare jirginsu a hanya, ya rasa wanda zai canja, ga cunkoson masu tafiya gida Sabuwar Shekara. Ya ce a ƙasan tasha ya yi ta zama yana rungume da kwanduna, ko banɗaki da su yake zuwa. Ni kuwa ban ma san ya taso ba. Aka yi biki, abokan aikina suka zauna a teburin amarya, aka sha giyar kanti. Na yi murmushi har kumatuna suka yi ciwo, amma a raina na riga na ɗauka kin cire ni daga zuciyarki da gaske. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba.

Kin san a rana ta uku amarya takan koma gidansu gaisuwa. A nan kuma dangin ango sukan haɗa ta da gasasshen alade guda, a kan jan faranti, a kai wa iyayenta. Sun riga sun sa an gasa don kada unguwa ta ce sun yi rowa. Da safe ga alade kwance a falo yana ƙyalli, uwar Dehong ta dube shi ta dube ni, ta ce, "To wannan fa, ina za mu kai shi? Ko gidan waya?" Ƙannenta suka yi dariya.

Muna nan sai ga mai gadin kamfaninmu a kan keke. Ya ce wani tsoho na zaune a ƙofar kamfani da hular gashi da rigar auduga, gumi na zuba kamar an yi masa wanka, ya hana kowa taɓa kwandunansa, sunana kawai yake kira. Gwaggo, ban san lokacin da na fita a guje ba, da takalman cikin gida. Ina jin Dehong a bayana yana cewa, "Mama, ga inda za mu kai shi. Ku ɗauko!"

A tsohon ɗakina na gidan ma'aikata aka yi, mai gadaje hawa biyu. 'Yan ɗakinmu suka kwashe shanyarsu, aka ajiye alade a kan tebur. Baba Fan ya cire hula, ya zauna a gadon ƙasa-ƙasa ya miƙe baya kamar gwamna, ni da Dehong muka durƙusa muka miƙa masa shayi. Sai ya buɗe kwando ya fara jera kwalabe. Da uwar Dehong ta gan su ta ja da baya ta laɓe a bayan mijinta, ƙannenta kuwa har sun kai ƙofa.

Baba Fan ya ɗauki ɗaya, ya dube ta ido cikin ido, ya girgiza kwalbar da hannu biyu kamar mai kaɗa magani. Mata suka yi ihu suka toshe kunne. Ya zare toshin. Ko fus. Ya ce, "Suruka, kina da kofi, ko sun ƙare?" Na ce yau Baba ya kashe min aure. Amma uban Dehong ya fashe da dariya har da buga cinya, aka kawo kofuna.

Da aka zuba ta ɗaga nata wajen taga. Ta daɗe tana kallo. Ja ce garau, ana hango igiyar shanya ta cikinta. Lokacin ban karanta takardarki ba, don haka ba wanda ya san da maganar sukari, ta kurɓa haka nan. Ta rufe ido ɗaya, ta haɗiye, ta miƙa kofin ta ce a ƙara, wai da naman alade mai kitse haka ta fi. Sannan ta tambayi Baba, "Wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Uwarta. Wata guda muna kwana cikin sanyi saboda bangonki."

Na buɗe baki in ce gwaggota ce, sai na kasa. Na bar shi a haka. In hakan ya ɓata miki rai ki gaya min.

Mutane suka yi ta shigowa daga wasu ɗakunan har baranda ta cika, kowa ya tambaya daga ina, ni kuma ina cewa daga gidanmu har sai da muryata ta shaƙe. Uwar Dehong ta ƙirga abin da ya rage, ta zari huɗu ta naɗe a gyalenta, yanzu suna cikin kabad bayan sabon gilashi. Ta ce in gaya miki kofuna ba komai ba ne, kuma in kina da hali baɗi ma a tuna da ita. Ta sa an yanke cinyar aladen an shafe da gishiri, tana cikin kwandon Baba.

Chunni

*

Shigou, Maris 1997

Chunni,

Muna lafiya. Fan ya dawo da cinyar alade, da mura, da labari. Kullum yana bakin shago yana nuna wa mutane yadda ya girgiza kwalba, yanzu har ya fara cewa "giyarmu". Mutumin da ya juya muciya rana ɗaya.

Na karanta takardarki sau uku. Wurin aladen da gidan waya ya sa ni kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da na san jirgi zai yi haka da na aje girman kaina na je na ɗauki wayar nan. Amma wurin da ta laɓe bayan mijinta na sa Fan ya maimaita min har ya gaji.

Bana ko ɗigo ba mu sha ba a gidan nan. Maƙwabta sun zo da kwanoninsu ranar Sabuwar Shekara, na ce musu ta tafi kai amarya. Ki gaya wa surukarki na gode da nama, gishirin ya yi yawa. Maganar baɗi kuma sai na ga yadda take riƙe ki.

Abin da Fan ya gaya mata, ba ni na aike shi ba. Amma tunda ya riga ya faɗa a gaban surukai, kada ki je ki mai da tsoho maƙaryaci.

Uwarki,
Guifen